Ɗan Farin Bube

Matan Rara suna cewa Sa'adu ba ya tsoron rami. Masu babur na tashar Achida suna cewa ba shi da wayo, don mai wayo ba zai ƙona mansa ya tafi garin da ba shi da dangi ya shiga rijiyarsu kyauta ba. Limamin wani ƙauye da ke hanyar Marnona ya taɓa faɗa bayan sallar Juma'a cewa ruwan da aka yi alwala da shi ran nan, bayan ikon Allah, wani yaron Fulani ne ya fito da shi. Akwai kuma wata tsohuwa a Goronyo da ba ta ma riƙe sunansa ba, sai dai ta ce, “Dogon nan mai shiru, wanda in an ba shi hura shika cewa ya ƙoshi.”

Duk maganganun nan suna isowa kunnen Bube. Ba ya tambaya. Yakan dai zauna kusa da inda ake hira, ya dogara haɓarsa a kan sanda, ya zuba wa ƙasa ido kamar zancen wani ake yi can nesa. Sai ya fita da shanu, ba kowa sai shi da su, sannan ya fiddo maganganun ɗaya bayan ɗaya ya yi ta juya su a ransa.

Sa'adu ɗan farinsa ne, kuma a gidansu Bube ba a wasa da kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya. In wani ya yabe shi a gabanka sai ka kau da kai, ko ka ɗan kushe shi, kada a ce ba ka da ta ido. Haka mahaifin Bube ya yi wa yayan Bube har ya koma ga Allah, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ya son sa. Abin da ke sa al'adar ba ta yi wa yaro nauyi shi ne akwai kaka. Tun da aka yaye Sa'adu, Inna Kulu, mahaifiyar Bube, ta ɗauke shi. Ita ke ƙwala masa kira daga bakin garke, ita ke yi masa kirari, ita ke zaginsa in ya yi laifi, ta kuma ɓoye masa nono mai maiƙo. Abin da uwa da uba suka haɗiye ita take furtawa, har da ƙari.

Inna Kulu ta rasu a damanar da gulbi ya cika ya ci fadama. Kafin nan 'yan'uwan Bube sun riga sun kora shanunsu kudu saboda daji ya daina zaunuwa. Suwaiba, ƙanwar Sa'adu, wadda ke kai saƙo tsakanin ɗakuna, ita ma ta tare a gidan mijinta a Marnona. Sai gidan ya rage mutum uku, biyu daga cikinsu ba sa iya yi wa na ukun magana. Adama, mahaifiyar Sa'adu, takan ajiye masa ƙwarya a ƙofar ɗaki ta yi gyaran murya ta wuce. Bube kuwa iska yake yi wa magana. “Da wani za shi duba ƙahwar jar saniyar ga, da ya kyauta.” Da safe sai ya tarar an wanke ƙafar an ɗaure.

Bayan ambaliyar ne rijiyoyi suka cika da laka da mushe, amai da gudawa suka shiga ƙauyuka. Samarin Rara suka haɗa kansu, suka ce duk garin da ya kira su za su je su yashe masa rijiya, ba a biyan su sai abin da aka ba su suka ci. Da farko suna da yawa. Da rani ya yi nisa wasu suka tafi ci-rani, wasu suka koma gonar albasa. Waɗanda ba su taɓa fashi ba su biyu ne: Sa'adu, mai shiga ciki, da Lukman, mai riƙe masa igiya.

Uban Lukman, Sale, manomin albasa ne, kuma abokin Bube tun suna samari. Shi ya tare shi a kasuwar Achida, wajen masu sayar da dusa.

“Bahillace! Ka ji labari, ko shanu sun cinye maka kunne?”

“Mi anka yi?”

“Mutanen birni za su zo. Ƙungiyar nan da ta ba yaranmu igiya da takalman roba. Sun ce kowace gunduma mutum guda za su ɗauka, a kai shi Sakkwato shekara guda shi koyi gyaran famfo da injin sola, a kuma karrama shi Wurno gaban jama'a. In ya gama, aiki na hannunai har tsuhwa. Kuma kowa ya san wa za a ɗauka. Nawa igiya shika riƙo, naka shi ka shiga.”

Bube ya tura hannu cikin buhun dusa yana murzawa. “Allah shi kyauta.”

“Allah shi kyauta? Mutuwa nic ce maka an yi? Kai, zama da saniya bai yi ba. Ko ita in ta ga ɗanta tana kuka.”

Bube ya yi murmushi, ya sayi dusar da bai yi niyyar saya ba. A hanyar gida ya ga famfon makaranta wanda ya daɗe a lalace, yara sun maida hannunsa abin lilo. Ya sa mai babur ɗin da ya ɗauko shi ya tsaya, ya yi ta kallon famfon har mutumin ya ce, “Baba, ko mun manta wani abu?”

Da la'asar Sa'adu ya zo bayan zana ya tsaya, inda ya saba tsayawa in magana ta kama dole. Bube yana ganin inuwarsa ta tsakanin karare.

“Baffa, baƙi za su zo ran Laraba. Sun ce sai sun ji daga bakin uba.”

“An ji.”

Inuwar ta ɗan jima, kamar akwai sauran magana. Sannan ta wuce.

Ran Laraba aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar ƙofar gidan mai gari. Jama'a sun taru fiye da yadda Bube ya zata. Mata sun leƙo ta kan katanga. A gaba kuma ga Ardo, tsohon da ya yi kiwo tare da mahaifin Bube, yana zaune da carbi. Shugabar baƙin wata matashiya ce daga Sakkwato, Malama Rumaisa. Ta durƙusa ta gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta bayyana yadda abin yake: uban kowane yaro zai dubi waya ya faɗi sunansa, ya faɗi sunan ɗansa da abin da ya sani na aikinsa, ya ce ya yarda a tafi da shi.

Sale aka fara ɗauka a wayar. Lukman ɗansa na biyar ne, bakinsa a sake yake. Ya gyara hula, ya ce Lukman tun yana goye yake da tausayi, ya ce hannunsa kamar ƙarfe, ya ce in ana so a tafi da shi yau ma ga shi, har da tabarmarsa. Aka yi ta dariya. Da ya gama ya ce, “Amma hwa in gaskiya aka so, ga uban mai shiga ramin can. Taso, Bahillace.”

Bube ya taso. Malama Rumaisa ta matso ta yi ƙasa da murya.

“Baba, an hwaɗa mani ɗan hwari na. Na san abin. Ni ma kakata har ta rasu ba ta kira sunan babana ba. Amma masu zaɓen ba nan suke ba, waya za su kallo. Bara mun ɗauki wani yaro, ana tsakiyar karatu ubanai ya zo ya tahi da shi, ya ce shi ba a tambaye shi ba. Shi ya sa sunka ce sai bakin uba. Kalma kaɗan ta, Baba. Sunanai, da aikinai, da ka yarda.”

Ta ɗaga wayar.

“Ni Bube,” ya ce. Wannan ya fito lafiya.

Sunan yana nan a kan harshensa, yana jin nauyinsa. Shi ya raɗa wa liman shi ranar suna, kuma tun ran nan bai sake fitowa daga bakinsa ba. Ya ɗaga ido, sai ya haɗu da na Ardo. Tsohon ya daina jan carbi, yana jira. Bayan Ardo ga matan kan katanga, waɗanda gobe za su kai labari har rugar da ta fi kowace nisa. Can gefe kuma, jikin motar baƙi, Sa'adu na tsaye ya sunkuyar da kai.

Sai bakin Bube ya buɗe da kansa, muryar mahaifinsa ta fito.

“Ni ban san wani aiki da yaron ga ya taɓa yi ba. Yawo dai shikai bisa babur, shanu na nan ba mai dubawa. Malalaci na.”

Dattawa suka yi dariyar jin daɗi. Ardo ya gyaɗa kai ya ci gaba da jan carbinsa. Wani ya ce, “Bube ke nan. Irin na da.” Duk wanda ke wurin ya san abin da maganar take nufi. Sa'adu ma ya yi ɗan murmushin da ake so ɗan fari ya yi. Amma Bube ya ga hannunsa, wanda igiya ta saɓule wa fata, yana ta murza madubin motar da babu ƙura a kansa.

Malama Rumaisa ta sauke wayar. “Baba, wagga ba ni iya aika ta. In sunka ji ta, sun gama da shi.” Ta goge a gabansa. “Mu sake?”

“Shanu na jira na,” in ji Bube.

Ta biyo shi har bayan tsamiya. “Gobe muna Goronyo, daga nan Wurno. Ran Litinin za mu aika. In ka zo, ko bayan mota ne, daga ni sai kai, mu ɗauka. Ba mai ji.”

Ya ce to.

Washegari da safe ya sami Adama tana tatsa. Ya tsaya a kanta yana gyara igiyar maraƙi wadda ba ta kwance ba.

“Sun ce ko uwa ta hwaɗi, ya yi,” ya ce. Ba su ce ba. Yana dai gwadawa ne.

Adama ba ta ɗago ba. “Ni? Ka so in mutu tsaye?” Nono ya ci gaba da zuba a ƙwarya. Can ta ce, “Jiya bai taɓa tuwonai ba. Na ɗauke shi yadda nik kai shi.”

“Zahi na. Mutum bai cin abinci da zahi.”

“I, zahi na,” ta ce.

Ya kora shanu ya nufi fadama, ya wuce inda ya saba tsayawa, ya kai inda ba a jin ko ƙarar babur. Nan ya tsaya ya ɗaga tafin hannunsa a gabansa kamar waya. “Ni Bube, uban…” Jar saniya ta ɗago ta dube shi tana tuƙa. Ya ji kunya ta rufe shi har wuya, a gaban dabba. Ya sake gwadawa da raɗa. Da raɗa yana fita. Da ya ɗaga murya sai ya maƙale, kamar mai son haɗiye ƙwayar magani ba ruwa. Ya tuna yadda Inna Kulu take jan sunan tun daga bakin garke har a ji a rijiya, ba ta ko tunani. Ya zauna a kan tushen wata bishiya ya daɗe, shanu suka watsu bai tare su ba.

Kwanakin da suka biyo baya kowace rana da dalilinta. Wata saniya ta kusa haihuwa. Juma'a ba a tafiya. Asabar ya ce bari ya ƙara gwadawa a daji tukuna. Sa'adu yana zuwa bayan zana kowace safiya ya gaishe shi, bai tambaya ba ko sau ɗaya.

Ran Litinin Bube ya sa farar rigarsa ya naɗa rawani ya fita bakin hanya. Yana tsaye yana jiran mota sai ga Ardo a kan benci wajen mai shayi.

“Bube, taho zamna. Ina zuwa haka da kwalliya?”

“Nan kusa, Baffa.”

“Ran nan ka tuna mani da mahaihinka. Wallahi har na ji ƙwalla. Yanzu sai ka ga mutum ya ɗauki ɗan hwari bisa kahwaɗa cikin kasuwa, shina kiran sunanai kamar mai talla. Na ce to, gidan Kulu dai da sauran mutane.”

Bube ya zauna. Motar Wurno ta zo, yaron mota yana buga mata gefe yana kira. Ardo yana cikin labarin wata shekara da suka kai shanu har bayan Goronyo shi da marigayi mahaifin Bube. Ba a tashi a bar dattijo yana magana, balle a ce masa ga abin da za a je yi. Motar ta tafi. Wata ta zo ta tafi. Da aka kira azahar suka yi salla tare, Bube ya koma gida ya ninke rigar.

Sai ranar bikin ya isa Wurno. Ya fita tun kafin rana ta yi zafi, bai gaya wa kowa ba. A filin wata makaranta aka kafa rumfuna. Ya hango Malama Rumaisa tana kai da kawowa, ya bi ta a hankali har ta juyo.

“Baba!”

“Na zo in hwaɗi. Bayan motar.”

Ta dube shi, fuskarta ta sauya. “Baba, mun aika tun Litinin. Na jira ka har magariba. Na roƙe su, na ce su ji daga bakin mai gari, sunka ce doka guda ta ga kowa. Lukman anka ɗauka.”

“Baɗi hwa?”

“Baɗi shekarunai sun wuce. Wagga ita ta ta ƙarshe gare shi.”

Wani ya kira ta daga rumfa. Ta ce ya shigo ya zauna a inuwa, ya ce a'a, yana da sauri. Amma bai tafi ba. Ya koma jikin katangar makarantar, bayan masu sayar da ruwan leda, inda ba wanda ya san shi.

Aka yi jawabai masu tsawo. Aka kira wata yarinya daga Goronyo mai koya wa matan aure karatu, aka kira wani daga Wurno mai kai marasa lafiya asibiti a babur. Kowa uwa ko uba na rako shi. Da aka kira Lukman, Sale ya riga shi hawa, yana ɗaga babbar riga yana juyi. Aka miƙa wa Lukman abin magana. Ya ce shi igiya kawai yake riƙewa, mai shiga rijiyar abokinsa ne Sa'adu, yana nan cikin taro. Aka ɗan tafa. Mutane suka waiwaya ba su san wa za su duba ba, mai gabatarwa kuma ya riga ya kira na gaba.

Bube ya san inda zai duba. Sa'adu yana bayan rumfa cikin masu jigilar kujeru, ya ɗora su a ka har sun rufe masa fuska. Ya sauke, ya tafa wa Lukman da hannu biyu, ya sake ɗauka.

Bube ya bari sai da motar 'yan Rara ta tashi, sannan ya nemi wata.

Da Sa'adu ya yi fushi, da abin ya zo da sauƙi. Bai yi ba. Yana gaisuwa a bayan zana, yana duba ƙafafun shanu, yana tada babur da safe ya dawo da yamma laka ta bushe masa har gira. Abin da ya sauya kaɗan ne. Da, in ya dawo yakan kunna rediyo a ɗaki, Bube yana jiyo muryoyin daga nasa ɗakin. Yanzu ɗakin shiru. Bube ma ya daina zuwa inda ake hira a kasuwa, don yanzu in an ambaci Sa'adu sai a sassauta murya a saci kallonsa.

Bazara ta kama, zafi ya kai inda yake kaiwa, rijiyoyi suka ja baya. Wata ranar Sale ya zo har garke, abin da ba ya yi. Bai ce Bahillace ba.

“Bube, wallahi abin ga bai yi mani daɗi ba. Lukman kullum in ya bugo waya sai ya ce wurin wani ya zamna.”

“Rabonai na.”

“Na sani. Ba shi ya kawo ni ba.” Sale ya cire hula ya share gumi. “Tun da nawa ya tahi, naka bai da mai riƙon igiya. Wanda ya samu nan bakin rijiya shi ka riƙa mai. Ran nan wani mai shayi anka ba. Wayatai ta yi ƙara, ya saki hannu guda ya ɗauka. Allah dai ya tsare. Gobe kuma za shi shiga tsohuwar rijiyar nan ta bayan Marnona, wadda an ce ko mutanen garin ba su san gindinta ba. Ni da bayana na da lahiya da na je. Na ce dai in hwaɗa maka.”

Da Sale ya tafi Bube ya je ya sami Adama ya ce gobe a bar shanu a garke, a ba su harawa.

Ya isa ƙauyen da hantsi. Rijiyar tana bayan gari, tsohuwa, bakinta duk zanen da igiyoyi suka ci. An gicciya mata gungumen itace. Mata na zaune a gefe da jarkoki suna jira, maza kaɗan suna tsaye. Sa'adu ya cire riga, ya ɗaura igiya a ƙugu da ƙirji, yana nuna wa wani mutum mai ƙiba yadda zai naɗa ta a gungumen. Mutumin yana ta cewa ya gane, idonsa yana wani wuri.

Bube ya ratsa mutane ya miƙa hannu. “Kawo.”

Mutumin ya dube shi. “Baba, da nauyi hwa.”

“Bijimi nika kayarwa da igiya tun ba a haihe ka ba. Kawo.”

Sa'adu ya tsaya cak. Tun yana ƙarami ba su taɓa tsayawa kusa haka ba. Bube ya ga wani tabo a kafaɗarsa wanda bai san da shi ba. Kowannensu ya sami abin kallo a ƙasa. Sa'adu ya kunna fitila ya zura ta da siririn zare har ƙasa, ya jira, ya jawo ta. Tana ci, amma harshen wutar ya ƙanƙance.

Ya yi magana yana fuskantar rijiyar. “Baffa, iskan ciki bai da kyau sosai. Mai riƙon igiya ba ya yin shiru. Sai ka dinga yi mani magana ina amsawa. In kaj ji na daina amsawa, ko maganata ta soma karkacewa, ka ja, kada ka jira.”

“An ji.”

Ya zura ƙafafu, ya juya, ya soma sauka. Bube ya kafa dugadugansa yana sakin igiya kaɗan kaɗan. Nauyin ɗansa ya zo masa a hannu gaba ɗaya. Rabonsa da ya ɗauke shi, ya duba, bai taɓa ba. Kan Sa'adu ya nutse cikin duhu, hasken tocilan ɗinsa ya yi ta ƙanƙancewa. Igiyar ta yi ta tafiya har Bube ya soma tsoron za ta ƙare. Sannan ta yi sako-sako.

“Na iso!” Muryar ta taso da amo, kamar daga cikin tulu.

Wasu suka zura guga. Bube ya tsaya da igiya a hannu.

“Baba, yi mai magana mana,” in ji wata mata. “Ka ji abin da yac ce.”

Bube ya sunkuya. “Akwai… akwai laka?”

“Akwai, Baffa. Har gwiwa.”

Rijiyar ta ɗauki muryar Bube ta ƙara mata girma, kowa na ji. Guga ya fito cike da baƙar laka mai wari, aka zubar aka mayar.

“Jar saniya ta haihu.”

“Na gani, Baffa. Mace.”

“I, mace.” Ya nemi wata maganar. “Hadari ya taso gabas jiya.”

“Na gani.”

“Bai zubo ba.”

“Bai zubo ba, Baffa.”

Guga ya fito, ya koma. Bube ya tambayi ko akwai sanyi a ciki. Ya tambayi ko babur yana shan mai. Ya ce dusa ta yi tsada. Daga nan ya laluba ya rasa. Duk abin da ya tara na shekara da shekaru yana nan, amma ba irin wanda ake faɗa ba ne. Shiru ya ɗan yi tsawo. Ƙasa ma ba motsi, guga ya daina nauyi.

“Kana ji na?” Bube ya ce da sauri, ya riga ya ɗaure hannu zai ja.

Can amsar ta zo. “Ina ji, Baffa. Hutawa nikai.”

Bube ya fasa ja. Ya durƙusa a bakin rijiyar, igiya naɗe a hannu, rawaninsa ya zame gefe. Matan sun daina hira. Ya san suna ji, ya san kafin la'asar maganar za ta kai Rara, ta kai kunnen Ardo. Ya leƙa ciki. Ba ya ganin komai sai ɗan haske can ƙasa.

“Na je Wurno,” ya ce. “Na je, na iske an rufe.”

Ba amsa.

“Kana ji na?”

“Ina ji.”

“Abin da nic ce gaban mutane ƙarya ta. Ba wanda ya kai ka aiki. Wurin nan naka na, ni na hana ka shi da bakina.” Muryarsa ta karye, rijiyar ta maimaita har karyewar. Ya ja numfashi ya ƙara ɗaga ta. “Na cuce ka, ɗana. Ka yahe mani.”